Ƙyallen Inna da Lemon Gareji

Direba ya yaga ƙyallen surukarsa marigayiya, ya ɗaure tumatir da shi. Abin da ya faru ke nan, ba ƙari ba ragi.

Ba da gangan ya yi ba, kuma duk wanda ya ga ƙyallen nan a kan igiyar shanya ba zai kira shi komai ba sai tsumma. Dogo ne, faɗinsa kamu guda. Da can fari ne, yanzu ya koma launin shayi da madara. An bi shi da ɗinkin hannu layi-layi, kowane layi da irin nasa, zaren duk ya koɗe. Inna, mahaifiyar matarsa, ita ta fara shi tun tana budurwa. Duk sabon ɗinkin da ta koya sai ta yi layi ɗaya a jikinsa don kada ya ɓace mata. Da ta rasu aka zo rabon kaya, matar Direba ta ce a bar mata ƙyallen, sauran su ɗebi abin da suke so. Ta naɗe shi ta sa a gwangwanin biskit, ta tura ƙarƙashin gado, ya yi shekaru a can.

Abin da ya fito da shi, 'yarsu Auta ce ke da ciki, haihuwar fari. Maman Auta ta ce za ta yi wa jaririn mayafi da hannunta, kuma bakin mayafin da ɗinkin da Inna ke kira tafiyar tururuwa za ta zagaye shi. Shi ne layi na ƙarshe a ƙyallen, shi kaɗai ne ba ta iya ba, don idon Inna ya mutu kafin ta koya mata. Amma ta ce ba komai, in dai ƙyallen na nan za ta gano shi. Wai ɗinki daga bayansa ake karanta shi, a ga ta inda allura ta shiga da ta inda ta ɓullo. Ta fito da shi, ta ji yana warin ajiya, ta ɗauraye shi a ruwan sanyi, ta shanya a bayan gida kusa da tsummokaran goge-goge. Sai ta tafi raka Auta awo asibiti.

Shi kuma Direba, tun da ciwon baya ya sauke shi daga babbar mota ba shi da aiki sai lambu. Ɗan fili ne a bayan gida, tsakanin katanga da tankin ruwa, amma ya cika shi taf: tumatir, barkono, kuɓewa, alayyafo. A ranar hadari ya haɗo, iska ta fara kaɗawa, tumatir kuwa ya yi tsawo ya fara ɗaukar 'ya'ya, ga sanduna an kafa amma ba a ɗaure ba. Direba ba ya ɗaure shuka da igiyar roba, ya ce tana yanka kara. Tsohon auduga yake so, mai laushi. Ya waiga ya ga igiyar shanya, ya fizgo wanda ya fi tsawo, ya sa haƙori ya fara yaga. Har yabon ƙyallen ya yi a ransa, ya ce wannan tsumma akwai biyayya, yana tsagewa sumul.

Da Maman Auta ta dawo ba ta ga ƙyalle ba, sai ta ɗora wa iska laifi. Ta shiga maƙwabta gida-gida. Ta leƙa kwata, ta leƙa bayan tanki. Direba da kansa ya taya ta nema. Da ciwon bayansa ya jingina tsani ya hau ya duba kan rufi. Ita dai abin da take faɗi, "Aikin Inna, aikin Inna," shi kuma a kansa yana neman wani abu mai sheƙi da furanni, irin wanda ake shimfiɗa wa baƙi a tebur. Ko sau ɗaya tunaninsa bai je kan tumatir ba. Kwanaki suka wuce, ruwa na sauka, matar ta daina cin abincin kirki. Ba ta kuka, amma sai ta zauna gaban keken ɗinkinta ta yi tagumi, farin yadin mayafin na kan cinyarta ko allura ba ta soka ba.

Ranar da abin ya fashe, da hantsi ne. Ta shiga lambu yankan alayyafo, abin da ba ta cika yi ba don shi ke kawo mata har kicin. Yana tsugune yana cire ciyawa sai ya ji ta ce, a hankali, "Baban Auta."

Ya san muryar. Ba ta yi masa ita sai an taɓa inda bai kamata ba.

"Zo ka gaya mini mene ne wannan."

Ya zo ya duba. "Tumatir ne."

"Na ga tumatir. Me ka ɗaura masa a wuya?"

Ya sunkuya. A jikin karan, daidai inda ya ƙulle shi da sanda, ga wani ɗan jan zare ya yi sarƙa-sarƙa a kan tsumman. Ya dubi na gaba, shuɗi ne, ya yi kamar ƙashin kifi. Ya dubi layin gaba ɗaya, kowane tumatir da tasa kwalliyar.

"Wannan ne aikin Innar?"

"A'a, aikin kakarka ne."

"To ai ba ki ce tsumma ba ne. Da kin ce tsumma kike nema..."

"Ƙara faɗa. Ƙara cewa tsumma in ji."

Mutum ne mai gardama, a tasha an san shi, bai taɓa yarda an fi shi gaskiya ba ko da ɗan sanda ne. Amma ranar ya tsaya tsuru-tsuru, hannu duk laka.

Ita ba ta tsaya faɗa ba. Ta ajiye wuƙar, ta durƙusa, ta sa farce ta fara kwance ƙullin farko. Ƙullin direbobi ne, wanda ake ɗaure tamfol da shi, ta yi ta yi ya ƙi. Ya ce, "Kawo, ba haka ake yi ba," ya ja gefe ɗaya ya warware. Ta karɓa ta miƙe shi a kan gwiwarta, ta daɗe tana kallo. Ta juya bayansa. Sai ya ga kafaɗunta sun sauka.

"Bai tsinke ba," ta ce. "Duba, layin gaba ɗayansa ne. Kwanto wancan."

Ya kwanto. Shi ma cikakke ne daga wannan baki zuwa wancan. Ashe lokacin da yake yaga, wajen da ke da ɗinki ya fi ƙarfi, sai yadin ya riƙa tsagewa ta tsakanin layi da layi inda babu zare. Kowane tsiri ya fita da layinsa lafiya lau. Ƙasa ta ɓata su, ruwa ya jiƙa su, amma ɗinkin na nan.

Direba ya sauke wata ajiyar zuciya da sai da ta motsa ganye. "Alhamdu lillahi. Kin gani ko? Ko yagar ma da tsari na yi ta."

"Za ka sha tsari. Je ka kawo abin da za ka mayar musu, kada su zube ka ce ni ce."

Ya duba igiyar shanya, ta ce kada ya kuskura ya taɓa mata ko tsumman goge tukunya. Dole ya shiga ɗaki ya ɗauko tsohon wandon kakinsa na aiki, wanda ya ajiye yana cewa ko wata rana zai koma tuƙi. Ya zauna a kan bokiti yana yaga shi. Daidai nan maƙwabcinsu Mai Famfo ya leƙo ta kan katanga, da ma ba abin da ke wuce shi.

"Direba, lafiya kake yaga wando da rana tsaka? Ko abin ya motsa ne a kira 'yan'uwa?"

"Tafi ka gyara famfon gidanka da ke yoyo tun bara."

Maman Auta ta ɗaga masa tsiri ɗaya ta gaya masa abin da aka yi. Mai Famfo ya riƙe katanga yana dariya har da tari. "Shi ya sa! Ni fa na ce tumatirin nan ya fi na kowa ƙyalli a layin nan, ashe ado aka yi masa. Direba, saura ɗan kunne da jan baki."

Har ita sai da ta murmusa, karo na farko tun ɓatan ƙyallen. Direba ya ga murmushin, ya bar Mai Famfo ya ci bulus.

Haka suka bi lambun shuka-shuka, yana kwancewa yana mayar da kaki, tana karɓa tana jerawa a faranti. Waɗanda ke gefen rana ƙalau suke. Na gefen tanki, inda inuwa take, sun fara laushi, wani ma da ta ja shi kaɗan sai da bakinsa ya zare. Ta ce da an ƙara 'yan kwanaki da sai dai labari. Ta wanke su ɗaya-ɗaya a kwano, ta shimfiɗa tawul a teburin guga, ta jera su yadda suke a da, don ta haddace jerin kamar sunayen 'ya'yanta. Bakin kowane tsiri ya haɗu da na ɗan'uwansa. Direba na tsaye a bakin ƙofa yana jin kamar an sauke masa lodi.

Sai ta kai ƙasa ta tsaya.

"Saura ɗaya."

"Duba dai da kyau."

"Na ƙarshen babu. Tafiyar tururuwa. Shi ne fa wanda nake nema, Baban Auta."

Ya ce bari ya sake zagayawa. Ya fita, amma bai zagaya ko'ina ba, don tun kafin ta rufe baki ya san inda yake. Ya wuce tumatir, ya wuce kuɓewa, ya je lungun katanga ya tsaya gaban wani ɗan itacen lemo da bai kai ƙugunsa ba, an kifa wa kansa farar leda.

Ga labarin lemon. A garejin da ya yi rayuwarsa yana lodi akwai wata tsohuwar bishiyar lemo, a gindinta direbobi ke hutawa. Bai taɓa shan lemo mai zaƙinta ba, ɓawo siriri, ƙwallo kaɗan. An sayar da filin za a yi gini, aka sare ta a makon da ya yaga ƙyallen. Da ya ji labari ya garzaya, ya tarar da ita a kwance, ya yanko 'yan rassa masu ido ya kawo gida a jiƙaƙƙen buhu. Ya aura su a jikin 'yan itatuwan lemon tsami da ya shuka, wato ya tsaga kan kowanne, ya fere reshen ya cusa, ya naɗe. Sauran duk sun bushe. Wannan kaɗai ya rage kore, kuma shi ne wanda robar naɗi ta ƙare a kansa, ya ɗauko tsirin da ya rage a aljihu ya naɗe shi da shi tam. Uwar bishiyar kuwa tuni an yi itacen wuta da ita.

Mai aurin itace ya san ba a taɓa ɗauri sai haɗin ya kama, kuma wannan da sauransa. Ya leƙa ta cikin ledar. Idon reshen ya kumbura, yana shirin tsagewa. Ledar ta yi gumi, ƙyallen ya jiƙe sharkaf, ga ɗigo-ɗigon baƙin fumfuna sun fara fito masa.

Ya daɗe a wurin. Ya yi tunanin ya koma ya ce bai gani ba, in ya so bayan haɗin ya kama sai ya ce ga shi ya tsinta. Ya san kuma kafin lokacin ƙyallen ya zama ruɓaɓɓen ganye. Yana wannan lissafi sai ya ji ta a bayansa.

"Nan yake ko?"

"Nan yake."

Ta sunkuya ta kara ido a jikin ledar. Ta san labarin lemon, ta ji shi har ya ishe ta. Ta miƙe ta goge hannu a zaninta.

"Bar shi. In ya kama ka kwance."

"Ba zai kai ba. Kin ga na gefen tanki, su da iska ke bugu ma. Wannan a cikin leda yake yana dahuwa."

"To ya za a yi? Haka Allah ya so. Sai in yi wa jaririn sarƙa, ai ita ma ɗinki ce."

Da ta yi masa masifa da ya ji daɗi, da ya samu abin gardama. Wannan sanyin da ta yi shi ya kashe masa jiki. Ya tuna yadda ta zauna gaban keke da yadi a cinya.

Mai Famfo, wanda bai bar katanga ba, ya ce, "Ku kwance a hankali mana ku sake naɗewa da wani abu. Ni haka nake canja bututu ruwa na gudu."

"Shi ya sa duk gidan da ka shiga sai an sayi bokiti," in ji Direba. Amma ya tsaya ya auna maganar. Ya dubi hannun matarsa. "Ke hannunki ba ya rawa. Za ki iya riƙe reshen nan kada ya motsa ko kaɗan?"

"Ni da ke zura zare ba tabarau?"

Ya yago tsiri daga ragowar kakin ya rataya a wuya. Ya cire ledar. Ta durƙusa ta kama reshen da yatsu biyu, ɗayan hannun ta tallafe karan. Ya kwance ƙullin, ya fara warware naɗin zagaye-zagaye, yana riƙe numfashi. Ƙyallen na fitowa, koren zare da baƙi suna bin juna ƙanana-ƙanana, da gaske kamar tururuwa sun yi layi. Saura zagaye na ƙarshe sai ƙyallen ya tsaya cak.

Direba ya duƙa sosai. Ashe lokacin da yake naɗi, bakin tsirin ya shige cikin tsagar, tsakanin reshe da kara. Itacen ya fara fitar da ɗanyen nama yana haɗewa, ya kama yadin ya riƙe. Kuma daidai wajen da ya riƙe ɗin nan ne farkon layin.

"Akwai almakashi a aljihun rigata," ta ce. "Ɗauko ka datse nan, a bar masa guntun."

"In an datse me za ki rasa?"

Ta ce, "Mafarin. Inda ta ƙulla ta tashi."

"In babu shi za ki gane sauran?"

"Zan gwada."

"Ban ce ki gwada ba. Za ki gane?"

Ta kawar da kai. Ya gyaɗa kai. Ya ce ta saki. Ta ce, "Baban Auta, tsaya mana," ya ce, "Saki, na ce." Ta saki. Ya sa babban yatsa ya buɗe tsagar, aka ji ɗan ƙas, ƙaramin sauti kamar an karya tsinke. Ya zare reshen, ya ɓanɓare ƙyallen da bakin wuƙa a hankali har ya fita cif, ko zare ɗaya bai bari ba. Ya miƙa mata.

"Ungo kayan Inna. Je ki wanke kafin fumfunar ta ci."

Ta karɓa da hannu biyu. Ta buɗe baki za ta yi magana, ya ce, "Je ki mana, kina tare mini haske." Ya sake fere reshen, ya mayar da shi cikin tsagar, ya naɗe da kaki, ya kifa leda. Mai Famfo ya ce, "Zai kama, in sha Allahu." Direba ya ce, "Uhm."

Da la'asar ta kira shi ɗaki. Ta kafa tsirin a gaban taga, bayansa na kallon ta, ta ɗauki wani guntun yadi tana gwadawa. Ta soka ta zare, ta warware, ta sake. Ta yi tsaki ta sake. Yana zaune a bakin gado yana shan shayi. Can sai ta yi wata 'yar dariya.

"Kai, Inna! Ashe baya take komawa. Duba, a mafarin nan ta nuna. Sai ta yi gaba biyu ta dawo ta ƙarƙashin na farko. Ni kuwa da gaba kawai zan yi ta yi har in tsufa."

Ya leƙa. Shi dai zare ya gani. Amma a kan guntun yadin ga 'yan tururuwa sun fara jeruwa, sababbi fil, irin na tsohon sak. Ya ce, "To madalla," ya kurɓi shayinsa, ya ji ya daɗe bai sha mai daɗinsa ba.

Daga ranar gidan ya dawo daidai. Ta haɗa tsirukan a kan sabon yadi da ɗinki ƙanana, in ba an faɗa maka ba sai ka ce haka Inna ta bar shi, ban da tabon ƙasa nan da can da ta ce ba za ta matsa masa ba. Mayafin ya kammala tun kafin Auta ta sauka. Da ta sauka lafiya, a cikinsa aka naɗo jaririyar daga asibiti. Tumatir kuwa ko a jikinsa, ya yi 'ya'ya har ana aika wa maƙwabta, Mai Famfo na cewa bana ɗanɗanonsa ya ragu tunda aka tuɓe masa ado aka sa masa wandon direba.

Reshen lemon bai kama ba. Idon da ya kumbura ya motse, koren ya koma ruwan ƙasa, daga sama ya bushe har ƙasa. Direba ya bar ledar a kai fiye da yadda ya kamata, sannan wata safiya ya cire ta, ya zare busasshen tsinken ya jefa a tulin taki. Karan ya yi sabon toho daga gindi, yana nan yana girma a lungun katanga, lemon tsami ne zalla. Irin lemon gareji kuwa ya ƙare daga kan wannan reshen.